Asirin da Barira Ta Rufa wa Yayanta

Akwai wani ƙauye da aka taɓa yi a cikin fadamar kogin Haɗeja, can wajajen Guri, ana ce masa Tudun Gaiwa. Abin da zan ba ku ya faru ne tun kafin zuwan Turawa, zamanin da hare-hare suka yi yawa a ƙasar, mutum ya fita gona yana ɗa, kafin la'asar an ɗaura masa igiya a wuya.

Ƙauyen a kan tudu yake, ruwa da ciyawar burugu sun kewaye shi ta ko'ina. Duk mai shigowa sai ta jirgi, kuma tun daga nesa ake hango shi. Amma ta yamma akwai wani mashigi ɓoye cikin burugu, inda ruwan bai wuce ƙugu ba.

Doka ce tun ta kakanni cewa ba a bin mashigin nan sai da babbar larura, don kada ciyawar ta kwanta baƙo ya gane hanya ce. A bakinsa akwai wata tsohuwar tsamiya, an ɗaure ɗan ƙaramin gado a kanta. Nan mai tsaro yake wuni da ƙaho a hannu.

A lokacin da muke magana, mai tsaron nan sunansa Haladu. Ya gaji aikin ne daga ubansa. Yana da ƙanwa guda ɗaya tal, Barira, kuma ita ce labarin nan ya fi shafa.

Barira ba ta ganin kowa da gashi in ana zancen yayanta, kuma tana da hujja. Wata shekara mahara suka yi sa'a suka faɗo mashigin. Haladu ya busa ƙaho, ya diro daga tsamiya da zagonsa na sukar kifi, ya tsaya cikin ruwa shi kaɗai. Na farko ya soke shi a maƙogwaro. Na biyu ya danna kansa cikin laka ya take har ya daina motsi. Kafin mazan gari su iso sauran sun juya da gudu, ruwan wurin ya yi ja.

Tun daga ranar maganar Haladu ta zama rantsuwa a Tudun Gaiwa. In ana gardama aka ce "Haladu ne ya gani", to magana ta ƙare.

Sai dai yabo ya shiga kan mutumin. Ya ce shi ya fi ƙarfin tuwon gero. Wake kuwa, wai abincin masu kwana a gona ne. Jar shinkafar fadama da kowa ke turarawa ya ci da daɗi, shi sai an daka masa ɗanyarta, a surfe, a sake surfewa, a wanke har ta yi fari fat. In ya ga ƙwaya ɗaya da jan bayanta sai ya ture akushin da ƙafa.

"Dusa ta awaki ce," haka yake cewa. "Ni na yi muku kama da akuya?"

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a ƙetaren fadamar akwai wani ɗan ƙauye inda wata mata ke dafa giyar dawa, Haladu ya gano ƙofar gidanta. Barira ta fi zaton fuskokin mutanen da ya kashe ne suka hana shi sakat. Ko ma dai mene ne, ya fara da ƙoƙo ɗaya ya koma tulu.

Ba zai bi ta bakin jirgi a gan shi ba, ai jarumi ne. Saboda haka mutumin da aka ɗora don ya hana a bi mashigi, shi ya riƙa bin sa kullum.

Giya ta kashe masa ci. Sai ya wuni bai sa komai a ciki ba in ban da loma biyu ta farar shinkafarsa. Zuciyarsa ta yi zafi. Wata rana matarsa Larai ta ce masa ya ji tsoron Allah, ya ɗauki taɓarya ya karya mata hannu. Ta koma garinsu da hannu a ɗaure, ba ta sake waiwayo ba. Mutane suka ce rigimar aure ce, Barira ta bar su a haka, ta ɗauki nauyin abincinsa.

Mijin Barira sunansa Mala. Asalin iyayensa daga bakin tafkin Chadi suke. Fataucin bandar kifi ya kawo shi Tudun Gaiwa, ya ga wuri ya zauna. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya, kuma tun kafin ya auri Barira abokin Haladu ne. Shi ya fara gane inda surukin nasa yake zuwa, kuma shi ya riƙa goyo shi a baya ya dawo da shi in ya sha ya faɗi.

Ciwon ta ƙafa ya fara. Haladu ya ce tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar ya taka garwashi. Daga baya zafin ya tafi, jin ma ya tafi. Wata rana Barira ta ga jini a tabarmarsa, da ta duba sai ga ƙugiyar kamun kifi ta nutse a diddigensa, shi bai ma sani ba. Ƙwaurinsa ya tsotse. In zai yi tafiya sai ya ware ƙafafu yana tangaɗi, ko da bai sha komai ba.

Mala ya ce mata, "Na taɓa ganin irin wannan a wajenmu, wurin masu sha ba sa cin abinci. Tsofaffinmu kunun gero suke ba su wanda ba a surfe ba, da wake, da hanta in an samu. Wasu suna tashi, in an raba su da tulun."

Barira ta dafa wake ta dama kunu, Mala ya ɗauka da kansa ya kai masa.

"Yaya Haladu, daure ka sha wannan. Don Allah ko rabi ne."

Haladu ya leƙa ƙwaryar, ya ɗago kai. "Kai Mala, ni za ka kawo wa dusa? Kai da ka zo garin nan da warin banda a jiki?"

"Ba raini ba ne. Ƙafarka nake ji."

Kafin ya rufe baki Haladu ya watsa masa kunun da zafinsa a fuska, ya bi shi da akushin wake a baki. Haƙorin Mala guda ya fita. Ya tofar da jini, ya tattara fasasshiyar ƙwaryar, ya koma gida. Da maƙwabta suka tambaya sai ya ce santsi ne ya kwashe shi a bakin ruwa.

Bayan wannan Haladu ya kwanta rashin lafiya sosai. Idanunsa suka riƙa rawa su kaɗai, yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu, yana sambatu. Barira ta fid da rai. Amma ya tashi. Ta yi ta godiya ga Allah, ba ta san wani abin ya riga ya tafi ba.

Ranar da ta gane, ta kai masa abinci ya ci, ta fita wanke akushi. Da ta dawo sai ya ce, "Barira, yau yunwa za ki kashe ni da ita ne?"

"Yaya, ai yanzu ka ci."

"Ina na ci? Ni da dawowata ke nan daga kasuwar Haɗeja. Na sha tafiya. Na ga wata saniya mai ƙaho uku, mutane sun taru a kanta."

Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da ko tabarma bai bari ba. Kuma ba wasa yake ba, ba ƙarya yake shiryawa ba. Fuskarsa fes, muryarsa daram, shi har zuciyarsa ya je Haɗeja. Abin da ya faru da can duk yana tune da shi, har sunan awakin ubansu. Amma abin da aka yi ɗazu sai ya zube, kansa kuma ya ƙaga wani ya cike gurbin.

Tsoro ya kama Barira, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Mala ya zaunar da ita ya ce, "Barira, dole mu gaya wa Bulama mai gari. Rayukan garin nan duk a bakin ƙahon nan suke. Mutumin nan ko tsamiyar ba ya iya hawa."

Ta fashe da kuka. "Malam, ka rufa mana asiri. In aka ji giya ce, bulala za a yi masa a bainar jama'a. Yayana, wanda yara ke waƙarsa? Sunan ubanmu fa? Da wane ido zan je rafi?"

"To in mahara suka zo fa?"

"Ba za su zo ba, in Allah ya yarda. Zai warke. Ka ba shi lokaci. Rantse mini ba za ka faɗa wa kowa ba."

Mala ya ƙi. Ta kama ƙafarsa. Ya rantse.

Jama'a, ni ban ga laifin mai son ɗan'uwansa ba. Amma Barira ta auna kunyar gidansu da ran mutanen gari, ta ga kunyar ta fi nauyi, kuma nan ta yi kuskure.

Dabarar da suka yi ita ce Mala ya riƙa sa malafar Haladu yana hawa tsamiya. Bukkar mai tsaro a gefen gari take, ba mai zuwa wurin saboda dokar mashigi, daga nesa kuwa malafa kawai ake hangowa. In wani ya zo gaisuwa sai ya tarar da Haladu zaune a inuwa, ya amsa gaisuwa tsaf, ya ba da labari mai daɗi. Wa zai ce wannan ba shi da lafiya?

Cikin abubuwan da Haladu bai manta ba akwai hanyar gidan mai giya. Da zarar ido ya kauce sai ya ja jiki ya faɗa ruwa. A cikin ruwa ƙafafun ba sa ba shi wahala kamar a tudu. Ya riƙa damƙar burugu yana jan kansa, yana tumurmusa ta hagu da dama. Mashigin da a da ko ɗan gari sai ya lura yake gane shi, ya zama titi buɗaɗɗe.

Ana nan ruwa ya fara janyewa, Bulama Gwadabe, wato mai garin, ya sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, a babban tafkin da ke gabas. Ranar su kowane namiji mai lafiya yake ɗaukar homa da gora ya shiga ruwa, ba a barin kowa a gari sai mata da yara da tsofaffi da mai tsaro. Mala ya aika cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Da maza suka watse sai ya zagaya ya tafi tsamiya.

Rana ta take tsaka, Barira na tsakar gida tana shanya kifi, sai ta ji ihu. Ba ta ji ƙaho ba. Ihun kawai ta ji, sai ƙaurin hayaƙi.

Ta leƙa ta kan dangar gida ta gan su. Mutane ne jiƙe da laka har ƙirji, da takubba da masu, suna cinna wa bukkoki wuta ɗaya bayan ɗaya. Tsohon limamin gari ya fito da sanda yana salati, aka sare shi a kafaɗa ya kife. Saude, matar wani masunci mai suna Shu'ibu, ta rungume 'yarta ta ƙi saki. Suka ja, ta ƙi. Ɗaya ya caka mata mashi a ciki, suka ɓamɓare yarinyar daga hannunta tana tsala ihu.

Barira ta fasa danga ta baya ta faɗa ruwa, ta nutse cikin ganyen bado, hancinta kawai a waje. Daga nan tana jin kukan yara ana ɗaure su, tana jin karan rumbuna na fashewa cikin wuta. Tana ta maimaita abu ɗaya a ranta: ina ƙaho, ina Mala?

Kafin mazan su iso daga tafki, maharan sun fice ta inda suka shigo, da mata da yara a igiya. Waɗanda suka bi su ba su tarar da komai ba sai sawu.

Barira ta fito daga ruwa. A bayan gidansu da ya ƙone Mala ya same ta, jikinsa duk yankan ciyawa. Da sauri ya gaya mata abin da ya faru. Ko da ya isa tsamiya, Haladu ba ya nan. Ya bi shi ƙetare, ya same shi kwance a ƙofar mai giya, ya goyo shi. Suna tsakiyar mashigi ya ji motsin mutane a bayansu. Ya ja Haladu cikin burugu. Haladu ya fara waƙa, dole ya toshe masa baki da hannu, har maharan suka wuce ta gabansu. Ƙahon na can kan tsamiya, maharan kuma suna tsakaninsa da ita. Ya ajiye Haladu a kan wani ɗan tudu ya yanki fadama da iyo zuwa tafki, amma ya makara.

"Hanyar da ya tattake suka biyo, Barira," in ji shi. "Ko makaho zai gan ta."

Sai aka fara kiran kowa ya zo dandali.

An jera gawarwaki a ƙarƙashin zana. Maza tsaye da homarsu ko ajiyewa ba su yi ba, idanu jajur. Wasu samari suka ɗauko Haladu daga bakin mashigi, jiƙe sharkaf da laka. Ganin ba ya iya tsayuwa, kowa ya ɗauka dukan mahara ne.

Bulama Gwadabe ya durƙusa gabansa. "Haladu, me ya hana ka busa ƙaho?"

Haladu ya dubi hayaƙi, ya dubi gawarwaki, ya dubi jama'a. Idonsa ya sauka kan Mala. Barira ta ga fuskarsa ta washe irin yadda take yi in zai ba da labarin kasuwar Haɗeja, sai gabanta ya faɗi.

"Wancan ne," in ji Haladu. "Mala. Shi ya toshe mini baki a cikin ruwa. Ina ƙoƙarin ihu ya danne ni. Shi ya shigo da su, yana gaba suna biye. Na ga babbansu ya dafa kafaɗarsa suna dariya. Da idona na gani."



Shu'ibu, wanda matarsa ke ƙarƙashin zana, ya matso. "Mala, ka ce zazzaɓi kake. Me ya kai ka mashigi?"

"Shu'ibu, ka saurare ni."

"Ka toshe masa baki ko ba ka toshe ba?"

"Na toshe. Amma..."

Mala ya juyo ya dubi Barira. Rantsuwa ce ta riƙe masa harshe, ita kaɗai za ta iya kwance ta. Kallon nan tambaya ce, kuma ta gane ta sarai.

Barira ta buɗe baki, sai ta hango yayanta zaune cikin laka, mutane na dafa shi suna yi masa sannu. Ta ce a ranta, Bulama ba zai bari a taɓa kowa ba sai an yi bincike, bari hankula su ɗan kwanta in same shi a keɓe. Ta sunkuyar da kai. Ɗan shirun nan bai fi a haɗiye yawu ba.

Shu'ibu ya ɗaga sandar tuƙa jirgi ya sauke ta a kan Mala.

Daga nan ba a sake jin maganar kowa ba. "Baƙo ne dama!" "Ya sayar da mu!" Aka rufe shi da sanduna da taɓare da duwatsun murhu. Bulama na ɗaga hannu yana cewa a tsaya, aka ture shi gefe. Mala ya kare kansa da hannu, hannun ya karye. Ya faɗi, suka bi shi ƙasa da dunduniya.

"Ku bari! Ƙarya ne! Yayana ba shi da hankali!"

Barira ke ihu, amma wa zai ji ta? Ta kutsa, wani ya maka mata gwiwar hannu a baki ta faɗi. Ta tashi, ta ruga wurin Haladu, ta cafki wuyan rigarsa ta ja shi a ƙasa har tsakiyar taron, ta jefa shi kan Mala. Sai a nan sanduna suka tsaya a sama, don ba mai iya dukan Haladu.

Ta zare ƙayar kifi daga cikin toka, ta ɗaga ƙafar yayanta kowa na gani, ta luma masa ita a tafin ƙafa har ta nutse. Haladu ko gezau bai yi ba, yana ta kallon sama.

"Kun gani? Ba dukan mahara ba ne. Giya ce! Ya daɗe ba ya hawa tsamiya, mijina ke hawa da malafarsa. Ku je ku dubi mashigi ku ga wanda ya mai da shi hanya. Ni na hana a faɗa. Ni ce!"

Shu'ibu na huci ya ce, "Mace za ta faɗi komai don mijinta. Haladu ya gani."

Barira ta share jinin bakinta, ta durƙusa gaban yayanta, ta sassauta murya. "Yaya, wa ya shigo da mahara? Ba Baba Bulama ba ne?"

Haladu ya dubi Bulama Gwadabe ya gyaɗa kai. "Shi ne mana. Yana gaba da jar hula, yana nuna musu hanya da sanda. Da idona na gani."

"Shu'ibu fa?"

"Har da shi. Shi ya riƙe musu jirgi." Sai ya shaƙi iska ya yi murmushi. "Yau banda ake yi ne? Hayaƙi ya yi yawa. An samu kifi ke nan."

Sandar da ke hannun Shu'ibu ta zame ta faɗi. Mutane suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon hannunsa.

Barira ta janye Haladu gefe, ta ɗora kan mijinta a cinyarta. Fuskar ba ta ganuwa. Numfashinsa na fita da ƙara, jini na biyo shi. Ya motsa baki, ta kai kunne.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa, Malam. Na faɗa musu duka."

"To," in ji shi.  Kafin a kawo ruwa ya cika.

Wasu suka juya kan Haladu da sanduna. Wannan karon Bulama ya tsaya a gabansa ya buɗe ƙirji. "Wanda zai taɓa shi ya fara da ni. Jinin da muka ɗauka yau bai ishe ku ba? Mun kashe mutumin da ke tsaron mu, a kan maganar wanda bai san ko yau wace rana ba ce."

Tare da liman da Saude da sauran aka binne Mala. Shu'ibu bai iya tsayawa sallar gawar ba. Bayan 'yan kwanaki ya shiga jirgi ya ce zai bi sawun 'yarsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ba wanda ya yarda ya karɓi Haladu, don haka Barira ta ɗauke shi. Ta sa aka kafa masa bukka a tsakiyar gari inda ba zai kai ruwa ba. Da ya rasa giya ya yi ta rawar jiki da zage-zage, daga baya ya lafa. Ta riƙa ba shi kunun gero da dusarsa da wake, yanzu kam yana sha, don ya manta ya fi ƙarfinsu. A hankali idanunsa suka daina rawa, har ya fara takawa da sanda. Amma kan bai dawo ba.

Ranar farko da ya ɗan samu ƙarfi, ta kawo masa kunu ya karɓa, ya duba bayanta.

"Barira, ina Mala? Yau ban gan shi ba."

Zuciyarta ta tafasa. Ta gaya masa komai, ba ta rage ko kalma ba. Ta gaya masa abin da ya faɗa a dandali da yadda aka yi da mijinta. Haladu ya kurma ihu, ya riƙa buga kansa da ƙasa har goshinsa ya fashe, yana kiran sunan abokinsa. Ta tsaya tana kallo, kuma gaskiya ta ji sanyi a ranta.

Da la'asar ta dawo. Yana zaune yana shafa goshi.

"Barira, wa ya fasa mini kai? Af, na tuna, reshen tsamiya ne. Ina Mala? Yau ban gan shi ba."

Ta sake gaya masa. Ya sake ihu. Washegari ma haka. Ta yi ta yi, tana jiran ranar da abin zai zauna masa kamar yadda ya zauna mata. Ranar ba ta zo ba. Kullum sabuwar mutuwa yake ji, kullum ya manta, ita kuma da ta rufe bakinta a dandali ba ta manta ko na ƙiftawar ido ba. Ta gane ba shi take hukuntawa ba.

Wata safiya ya karɓi ƙwaryar, ya duba bayanta kamar kullum.

"Ina Mala?"

Barira ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ya tafi su, Yaya."

"Allah ya ba shi sa'a," in ji Haladu. "Mutumin kirki ne mijin nan naki, ki riƙe shi da kyau. In ya dawo ki ce ina nemansa."

"Zan gaya masa. Sha kununka kada ya huce."

Haka ta riƙa ba shi amsa kowace safiya, har ƙarshen ransa.

Mutanen wancan zamani ba su san sunan ciwon ba. Yau likitoci sun bayyana cewa akwai wani sinadari, bitamin B1, da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Yana cikin wake da gyaɗa da nama da bayan hatsi, wato dusar da muke surfewa mu zubar. Giya tana hana jiki tsotsar sa, ga shi kuma tana kashe ci. In ya yi ƙaranci ƙafafu kan mutu, idanu su yi rawa, mutum ya rikice. In aka kai shi asibiti da wuri ana iya ceto shi, in aka makara mantuwar kan zauna har abada.

Darasi: Giya ba mai shan ta kaɗai take kashewa ba, kuma girman kai kan raba mutum da abin da zai raya shi. Rufa wa ɗan'uwa asiri alheri ne, amma ɓoye ciwon da zai cutar da shi da sauran jama'a ba ƙauna ba ce. In kana da wanda shaye-shaye ya kama, kada kunya ta rufe maka baki, ka nema masa magani tun yana gane ka. Kuma kada ka ɗaga hannu a kan mutum don kawai wani babba ya ce ya gani. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wata Barira a cikinsu da har yanzu take shiru.